An Ce Arzikin Ƙasa Ya Ƙaru, To Ina Rabon Tukunya?

 

A wannan watan za mu taɓo wata magana da aka saba bar wa maza a majalisa, wato maganar tattalin arzikin ƙasa. Dalilina kuwa shi ne, duk hukuncin da aka yanke a Abuja game da fetur ko dala, ƙarshensa a hannun mai riƙe da kuɗin cefane yake sauka. Ke ce za ki zauna ki raba abin da aka ba ki tsakanin gawayi da mai da kayan miya da kuɗin tara na yara. Na san kuma kin sha ji a rediyo ana cewa tattalin arziki ya haɓaka, hauhawar farashi ta sauka, ki dubi kwandon cefanenki ki ja tsaki ki ce ƙarya suke yi. To 'yar'uwa, ba lallai ne ƙarya suke yi ba. Mudun da suke awo da shi daban ne da naki, kuma in kin san yadda nasu yake, ba mai sake ruɗa ki da lissafi.

Abin da suke aunawa shi ne jimillar darajar duk abin da aka samar a ƙasa cikin shekara guda, wanda masana ke taƙaita sunansa da GDP. Buhun masarar manomi yana ciki, gangar ɗanyen mai tana ciki, katin wayar da kika saka yana ciki, har ƙosan da maƙwabciyarki ke soyawa ta sayar ana ƙiyasta shi a saka. Amma tuwon da kika tuƙa wa iyalinki, da wanki, da raino, da jinyar surukarki, babu ko ɗaya a ciki, don ba a biya ki ba. Da a ce 'yar aiki ce ta yi su aka ba ta albashi, da an lissafa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki cewa ma'aunin yana da inda ya tsaya.

Akwai abin da ya faru a watan Afrilun 2014 da ya kamata ki riƙe. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sabunta yadda take lissafi, domin tun 1990 take amfani da tsohon tsari wanda bai san da wayar salula ko harkar fina-finai yadda ya kamata ba. Ana gama sabon lissafi sai arzikin Najeriya ya tashi daga kimanin dala biliyan 270 zuwa dala biliyan 510, muka wayi gari mun wuce Afirka ta Kudu, mun zama na ɗaya a nahiyar a wancan lokacin. Lissafin gaskiya ne, dama dukiyar tana nan ba a ƙirga ta ba ne. Amma a ranar ko ƙwayar shinkafa ɗaya ba ta ƙaru a tukunyar kowa ba.

Sai kuma maganar baki nawa ne za su ci. A shekarar 2024 an ce arzikin ƙasa ya ƙaru da kimanin kashi 3.4 cikin 100. Amma mu ma ƙaruwa muke yi, da sama da kashi 2 cikin 100 duk shekara, kuma wannan ma ƙiyasi ne, domin rabon da a ƙidaya mu tun 2006, lokacin da aka ce mun kai miliyan 140. Ki ɗauka kin ƙara malmala uku a kan ɗari, amma masu ci sun ƙaru da biyu da ɗoriya. Abin da ya ƙaru a kwanon kowa bai taka kara ya karya ba. A 2016 da 2020 ma raguwa arzikin ya yi, a shekarun da ke tsakaninsu kuma bai kamo ƙaruwar jama'a ba. Bayan haka, wa ya kwashi ƙarin? Ɓangarorin da suka fi saurin girma a 'yan shekarun nan su ne bankuna da kamfanonin sadarwa, waɗanda ke iya ninka ribarsu ba tare da sun ɗauki ɗanki ko ƙaninki aiki ba. Noma, wanda shi ne ya riƙe mafi yawan gidajenmu, tafiyar hawainiya yake yi. Shi ya sa a 2022 ita dai wannan Hukumar ta Ƙididdiga ta fitar da rahoton cewa mutum miliyan 133 suna cikin talauci ta fuskoki da dama, wato rashin ruwa mai tsabta, da makaranta, da asibiti, da abinci mai gina jiki, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasu a Arewa suke.

Yanzu mu zo kan wadda ta fi ɓata wa mata rai, wato “hauhawar farashi ta sauka.” Ki saurara da kyau a nan. Hauhawar farashi gudun da kaya ke yi ne wajen tsada, ba tsadar kanta ba. Misali, mudun da kike saya naira 1,000, in aka yi hauhawar kashi 34, baɗi ya zama 1,340. In shekara ta zagayo aka ce hauhawar ta sauka zuwa kashi 18, mudun nan bai koma 1,000 ba, ya zama kusan 1,580 ne. Motar ta rage gudu, amma gaba take yi. A watan Disambar 2024 hauhawar ta kai kashi 34.8, sai a Janairun 2025 aka ji kashi 24.48. Wannan faɗuwar ta wata guda ba daga kasuwa ta zo ba, hukumar ce ta sabunta jerin kayan da take bibiyar farashinsu da shekarar da take kwatantawa da ita. Daga baya dai ta ci gaba da sauka da gaske, har zuwa kusan kashi 18 a Satumbar 2025.

Ga wani lissafin da za ki iya yi wa maigida in ma'aikaci ne. A 2019 aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 30,000, lokacin dala tana wajen naira 360, wato kusan dala 83 ke nan. A Yulin 2024 aka mai da shi 70,000, dala tana sama da 1,500, wato bai kai dala 50 ba. Takardun sun fi yawa a hannu, abin da suke iya saye ya ragu. Saboda haka in ya ce miki albashin ba ya kai su tsakiyar wata, kafin ki fara zargin ko wata yake nema, ki tuna da wannan.

Me ya jawo? Kowa ya san ranar 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya faɗa a jawabin rantsuwa cewa tallafin man fetur ya tafi. Litar da ba ta kai naira 200 a hukumance ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa Oktoban 2024 kuma ta wuce 1,000. Mako biyu bayan jawabin, Babban Banki ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, daga wajen 460 a kan dala ɗaya har ta wuce 1,500 a Fabrairun 2024. Fetur shi ke ɗauko tumatir daga Kadawa ya kai shi 'Yankaba, shi ke juya injin niƙa da injin ban-ruwa. Dala kuma ita ke sayo alkamar burodi da maganin asibiti da kayan gyaran mota. Da aka taɓa su biyun lokaci guda, babu abin da ya tsira a kasuwa.

Adalci dai shi ne mu ji hujjar masu wannan mataki, domin suna da ita. A 2022 kaɗai tallafin fetur ya ci sama da naira tiriliyan 4, kuma mai motoci biyar ya fi mai tafiya a ƙasa morarsa, ga wanda ake tsallakawa da shi ƙasashen maƙwabta a sayar. Dalar gwamnati mai araha kuwa 'yan gata ke samu a 460 su juya su sayar a kasuwar bayan fage sama da 700, su ci riba suna kwance. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2022 kusan kashi 96 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya a biyan bashi ya tafi. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa mana ba. Shekara da shekaru, in gwamnati ta rasa kuɗi sai ta juya ga Babban Banki ya ranta mata, wanda a zahiri ƙirƙiro sabon kuɗi ne ba tare da sabon kaya ba. Doka ta ce kada rancen ya wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, amma sai da ya taru ya kai naira tiriliyan 22.7, Majalisar Dattawa ta amince a mai da shi bashi mai dogon zango a Mayun 2023. Ke da kike girki kin san wannan dabarar. Baƙi sun zo, miya ba ta isa ba, sai a ƙara ruwa. Kwanuka za su cika, amma kowane cokali ya rage ɗanɗano. Haka aka yi wa nairar da ke ɗaure a bakin zaninki tun kafin 2023.

Ni a ganina gyaran ya zama dole, inda aka gaza shi ne tsarin yinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai cire wa mutane abin da suka dogara da shi, kamata ya yi motocin haya masu sauƙi da tallafin abinci da ƙarin albashi su riga cirewar isowa. Sai ga shi ƙarin albashi ya zo bayan wata goma sha huɗu. Tallafin naira 25,000 na wata uku da aka yi wa gidaje miliyan 15 alkawari a Oktoban 2023 kuma aka dakatar da shi a Janairun 2024 saboda zargin almundahana, kafin daga baya a dawo da shi. A tsakanin nan gidaje da yawa sun sayar da akuya da keken ɗinki da 'yan kunnen zinare, kuma irin waɗannan ba sa dawowa don alƙaluma sun gyaru.

Iyayenmu za su ce miki ba yau aka fara ba. Sun ga irinsa a 1986 zamanin Janar Babangida, lokacin shirin tsuke bakin aljihu da aka fi sani da SAP, inda aka karya darajar naira aka ce a yi haƙuri daɗi na nan tafe. Masaƙar KTL ta Kaduna da aka kafa a 1957 ta rufe a 2002, wasu suka bi bayanta, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa a Kano da yawa suka zama kufai ko rumbun ajiye kayan waje. Kowace masaƙa da ta rufe, dubban magidanta ne suka koma gida, manomin auduga a Funtuwa da Gusau ya rasa mai saye, mai sayar da abinci a bakin ƙofar kamfani ta naɗe tabarmarta.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke yi da shekarun yalwa. Yaran da ke ajin farko na Islamiyya ma sun san ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, da shawarar da ya bai wa sarkin Masar ta a ajiye amfanin shekaru bakwai na damina mai kyau domin shekaru bakwai na fari. Duk wani tsarin kasafin kuɗi na ƙasar da ke rayuwa a kan kaya ɗaya, wanda farashinsa ke hawa da sauka, a nan ya tattara. Mun ma gwada. A 2004, zamanin Shugaba Obasanjo, an buɗe asusun rarar kuɗin mai, ana zuba abin da ya haura farashin da aka yi kasafi a kai. Da taimakonsa aka biya dala biliyan 12 ga ƙungiyar masu ba da bashi ta Paris, su kuma suka yafe biliyan 18 a yarjejeniyar 2005, lokacin Ngozi Okonjo-Iweala tana ministar kuɗi. Wajen 2008 asusun ya kai kusan dala biliyan 20. Daga nan aka sa masa wawa, tarayya da jihohi kowa na cewa a raba. Zuwa 2022 abin da ya rage a ciki bai kai dala miliyan ɗaya ba. Da farin ya zo, rumbu wayam.

Ki kwatanta da Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a duniya, wadda ita ma ta samu garaɓasar kuɗin mai a shekarun 1970 kamar mu. Su sai suka juya wani kaso mai tsoka zuwa ƙauye: taki mai rahusa, ingantaccen irin shinkafa, gyaran hanyoyin ban-ruwa, da hanyoyin karkara. Daga 1973 zuwa 1978 sun gina makarantun firamare sama da 61,000. Ƙasar da ta kasance cikin manyan masu sayo shinkafa daga waje, zuwa 1984 ta iya ciyar da kanta. Ba wai shugabanninsu waliyyai ba ne, Suharto mulkin kama-karya ya yi, iyalinsa kuma sun yi ƙaurin suna wajen wawure dukiya, har jama'a suka tilasta masa sauka a 1998. Amma kuɗin da ya isa gona da aji ya yi aikinsa. Mu a daidai wannan lokacin, a 1975, siminti muka yi oda fiye da ƙima har ɗaruruwan jiragen ruwa suka yi cirko-cirko a gaɓar Legas wata da watanni ana biyan su kuɗin jira. Dalar gyaɗar Kano kuwa fari da cutar gyaɗa da sakaci suka haɗu suka share ta. Mun buɗe shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, a yaba mana a nan, sai dai ba mu riƙe shi da malamai da kayan aiki ba.

Maganar makaranta ita ce ta fi damuna, domin ita nake gani da idona. Idan gida ya shiga matsi, ba ɗa namiji ake fara cirewa ba. Yarinya ce za a ce ta huta zangon nan ta ɗauki farantin talla, ko ta zauna da ƙanne don uwa ta fita aikatau. Zango ɗaya ya zama shekara, shekara ta zama shi ke nan. A rajistar aji ana ganinsa, sunaye na nan amma kujerun babu kowa, kuma yawanci daga watan da abinci ya fi tsada ne, gab da kaka. Tallan da yarinyar ke yi, abin mamaki, yana iya shiga lissafin arzikin ƙasa na bana. Malamar asibiti ko ungozomar da za ta zama nan da shekara goma sha biyar kuwa babu mai rubuta asararta a ko'ina. Don Allah 'yar'uwa, in ya zama dole a rage wani abu a gidanki, a fara da ankon biki da gara da kayan ɗaki na gasa, karatun yarinya ya zo a ƙarshe.

Hauhawar farashi tana shiga har cikin adashinmu ba mu lura ba. Ku goma sha biyu kuna zubin 10,000 duk wata. Wadda ta kwasa a watan farko da wadda ta kwasa a na ƙarshe duk 120,000 suka karɓa, amma a shekara irin 2024 ta ƙarshen ta yi asarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da kuɗin zai saya. Ba wanda ya cuce ta a cikinku, naira ce ta zube. Shi ya sa ya kyautu a riƙa juya layin kwasa, wadda ta zo ƙarshe bana ta zo farko baɗi, ko a gajarta zagayen. In kin kwasa kuma kada ki bar shi a ƙarƙashin katifa, ki mai da shi abin da ke riƙe daraja, tunkiya ko kayan sana'a ko hatsin da gidanki zai ci. Ajiye abincin shekara don iyali daban yake da ɓoye kaya don a ƙuntata wa jama'a a sayar da tsada, wanda shari'a ta hana. Mai ɗan abin hannu da ke gudun kuɗin ruwa kuma tana iya tambaya game da Sukuk, wanda gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi.

Kuɗin ruwan ma, ko ba kya cinsa yana cin ki. Don a rage gudun farashi, Babban Banki ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwansa daga kashi 18.5 a Mayun 2023 zuwa 27.5 a ƙarshen 2024. Mai kamfanin taliya ko sabulu da ya ci bashin banki a kan abin da ya fi haka, a kan kwalin da za ki saya zai ɗora.

Sai kuma wani gefen da mu matan birni ba mu cika dubawa ba. A Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba na kwana 150. Da wannan da kuma damina mai kyau, farashin hatsi ya sauko sosai a 2025, muka yi hamdala. Amma ki tambayi 'yan'uwanki na ƙauye. Manomin da ya sayi taki da maganin feshi da tsada, ya zo ya sayar da masara da araha, wasu ko uwar kuɗinsu ba su mayar ba. Manomin da ya faɗi bana zai rage gona baɗi, ga kuma waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonakinsu a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Neja. Arahar da za ta ɗore ita ce wadda ta fito daga yawan amfanin gona, ta hanyar taki mai sauƙi da ban-ruwa da tsaro, yadda mai noma zai ci riba mai saye kuma ya samu sauƙi.

To ina kuɗin tallafin da aka cire suka tafi? Wani kaso ya tafi biyan bashi, wanda faɗuwar naira ta ƙara wa nauyi. Amma wani kaso mai yawa ya bi ta rabon wata-wata zuwa jihohi da ƙananan hukumomi, domin abin da suke karɓa a naira ya ƙaru ƙwarai bayan 2023. A nan ne nake ganin muna kuskuren inda muke kai kuka. Makarantar firamaren unguwarku, da ƙaramin asibitin da kike zuwa awo, da rijiyar burtsatse, da kwalbatin da ke ambaliya duk damina, ba aikin Abuja ba ne, na jiha ne da ƙaramar hukuma. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ko da yake aiwatarwar ta yi ta jan ƙafa. Abin da kowace jiha da ƙaramar hukuma ta karɓa duk wata ba sirri ba ne, ana wallafa shi, jaridu suna bugawa, ɗanki mai waya zai iya nemo miki cikin minti biyar.

Ki sa ya nemo na ƙaramar hukumarku na wata uku a jere, ki rubuta a takarda, ki je da ita taron ƙungiyarku ta mata ko taron iyayen yara da malamai. Ku zaɓi abu ɗaya tak, misali rashin malamar karɓar haihuwa da daddare a asibitin unguwa, ku rubuta wasiƙa da sa hannunku duka, ku bi ta wurin mai unguwa zuwa ga kansila da shugaban ƙaramar hukuma, da adadin kuɗin a saman takardar. Ku ajiye kwafi, ku rubuta ranar da kuka kai, bayan wata guda ku koma ku tambayi inda aka kwana.